Idon Kaka da Madubin Bindiga

Duk shekara idan Nuwamba ta shigo, yaran unguwarmu suka fara harba wasan wuta, warin albarushi kan shigo min ta taga, sai in ji raina ya ɓaci. Kakana warin nan yake tuna min, da wata Asabar da muka yi a bayan garin Birmingham.

Lokacin ina 'yar firamare, muna zaune a wani ɗan flat a saman bene a unguwar Rusholme ta Manchester, bas-bas suna ta wucewa ta ƙarƙashin tagarmu. Baba yana karatun digiri na uku, shi ne ya sa aka kawo Kaka daga ƙauye don a cire masa yanar ido. Na hagu likita ya ce sai haƙuri. Na dama ya washe, amma abin da ke nesa bai dawo masa ba.

Ga wani tsohon, wannan ma ai sai godiya. Amma Kaka maharbi ne, shi ke jan maharban garinmu farautar rani tun ba a haifi Baba ba. Kafin ya taho ya harbi gada a gaban samari ya kuskure. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi dariyar ci masa rai. Ya ce idan ya koma idon bai gyaru ba, zai miƙa shugabancin ya zauna a gida. Ya yi ta zama a falonmu cikin rigar sanyi, ga tuwo ga miya, sai dai ya taɓa ya ture.

Baba yana da wani amini mutumin Ghana, direban bas a unguwar Erdington ta Birmingham, Kawu muke ce masa. Kawu yana cikin wani kulob na masu harbi, yana da bindiga irin wadda ake ɗurawa ta baki, kamar adakar Kaka, sai dai tasa an ɗaura mata madubin hange a sama. Suka yanke shawara a kai tsoho ya gwada. In madubin ya karɓe shi, a sayo masa irinsa, maƙerin garinmu ya ɗaura masa a tasa bindigar.

Filin a jiƙe yake, ana yayyafi. Kawu ya yi mana bayani: madubi sai an saita shi da bindiga. A yi 'yan harbi a takarda, a duba inda dalmar ta taru, sannan a murɗa wasu 'yan maɓallai har ta riƙa faɗawa tsakiya. Kaka ya dubi takardar can nesa ya ce, "Ita kuwa me ta yi min?" Amma da ya karɓi bindigar ya auna albarushi, ya tura dalma ya danna da sanda, har Turawan wurin sai da suka tsaya kallon hannunsa. Ya sa ido a madubin ya yi salati. Ya ce yana ganin har ƙusar da aka kafe takardar da ita.

Ya harba, dalma ta tafi dama. Kawu ya murɗa. Ya sake, ta yi sama. Kawu ya murɗa. Ta gaba ko allon ba ta taɓa ba. Kowane harbi kuwa sai an goge cikin bindigar an sake ɗuri, ga sanyi yana cin yatsu. Kawu ya ce iska ce. Baba ya ce wataƙila albarushin ne ya sha raɓa.

Iska ina, raɓa ina! Ni da ke tsaye a baya da abin toshe kunne, ƙiri-ƙiri nake gani: duk sanda Kaka zai ja kunama, sai ya kawar da fuska gefe, bindigar ta bi shi. Baba ya gani, Kawu ya gani. Amma Baba ɗan fari ne, ko haɗa ido ba ya yi da mahaifinsa, balle ya ce masa ga laifinka. Kawu kuma baƙo yake girmamawa. Aka bar jaki ana ta dukan taiki. Wallahi takaici kamar in yi ihu.

To, ni jika ce, tsakanina da shi wasa ne. Amarya yake ce min. Na matsa na ce, "Angona, ashe tsoron bindigar kake yi? Kai kake juyar da kai."

Baba ya harare ni kamar ya cinye ni. Kaka kuwa ya ce a sake masa ɗuri. Ya manna kunci da ƙotar bindigar, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ya ja. Da hayaƙi ya washe, ga huda daf da baƙin tsakiya. Ya ƙara, ta faɗa kusa da 'yar'uwarta. Kawu ya yi kabbara, Baba har ya fara tambayar shagon da ake sayar da madubin.

Kaka ya miƙa wa Kawu bindigarsa da hannu biyu ya yi godiya, ya juyo gare ni.

"Amarya, kin yi gaskiya, tsoro ne. Wannan ta Bature ba ta fashewa. Tawa maƙeri ya ƙera ta da bututun famfo. A gabana irinta ta tashi da fuskar wana. Juyar da kan nan shi ya kawo ni yau da ido." Ya nuna na daman. "Ɗaya ya rage. Ba zan kai shi bakin wuta ba."

Muka shiga mota muka koma Manchester.

Yanzu na girma, ina da 'ya'ya masu ganin nama a leda yake tsirowa, kuma an ce dajin garin namu duk ya zama gonaki. Har yau in na tuna sai in ji haushin Asabar ɗin, don ga maganin a hannu, kowa ya ga yana aiki, amma bai amfana wa mai ciwon komai ba. Ranin da ya koma, maharba suka taru a ƙofar gidansa kamar yadda suka saba. Ya fito ya yi musu addu'a, ya raka su har bakin gari, ya dawo shi kaɗai.