Mai Zaɓen Maɓalli Ido a Rufe

A shagon kayan ɗinki wata mata ta tare mini hanya, har na fara tsaki. Alli ya ɓata gefen mayafinta. Idonta a rufe, tana laluben maɓallai, tana ware masu kauri.

"'Yata, ai launi ake dubawa," in ji tsoho mai shagon.

"Ba na riga ba ne, Baba. A jaka zan zuba, ja bakwai, fari uku, ɗalibaina su riƙa zarowa muna lissafa wanda ya fi yiwuwar fitowa. Kada yatsa ya bambance su."

Ta ci gaba da lalube. Ina jin wata fuska take tunawa.

"Akwai yarinyar da kullum take cewa ita ba ta da sa'a. Gobe za ta ga jaka ba ta san hannun kowa ba."