Tsamiyar Yaya Habibu

Shekara bakwai ke nan. Ranar Talata ce, bayan La'asar, bazara ta yi tsakiya. Mu uku ne a ɗakin jinyar yayana: ni, da matarsa Hadiza, da limamin unguwarmu. Yayana Habibu ya buɗe ido, ya dubi taga, ya ce da ni, "Ta iso?" Na ce ba ta iso ba tukuna. Bai sake magana ba. Shamuwa yake tambaya. Sai bayan sadakar uku ta sauka a kan tsamiyar gidanmu.

A kasuwar Illela an san shi da sayar da atamfa, kamar mahaifinmu. Amma da zarar zafi ya kankama, yakan bar rumfa ga abokin cinikinsa, ya hau babur zuwa Kalmalo, rataye da wani tsohon madubin hangen nesa da ya saya a Konni. Na sha bin sa. Mukan zauna a bakin tafki, ya nuna mini zalɓe tsaye cikin ruwa, da garken kirinjijiya, wani lokaci guza ya ratsa ta gabanmu. Ya san baƙin da ke tashi su yi arewa idan sanyi ya wuce, ya san 'yan gida. Bai taɓa harbin ko ɗaya ba. 'Yan kasuwa kan ce masa, "Alhaji, mi tsuntsu ya saya yau?" Yakan amsa, "Shi dai bai taya ya gudu ba."

Cikinsu duka shamuwa ce tasa, domin ita gida take iske shi. Kowace bazara, ranar da ta sauka, yakan buga mini waya a gidan rediyon da nake aiki. "Ɗan rediyo, ta iso. Ka faɗa wa manoma su gyara gona." Har yau, idan bazara ta yi, nakan duba wayata da rana tsaka. Sabo turken wawa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na je Kalmalo bara. Ruwa ya ja baya, inda muke zama ya koma gona. Na ga belbela a bayan shanu, na tsaya na ɗan lokaci, ban ji komai a raina ba, na dawo. Ina jin shi da ya samo abin kallo ko a hakan.

Bana maganar ta zo har gida. Saiwar tsamiyar ta shiga ƙarƙashin ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, bango ya tsage daga ƙasa har sama. Magini ya ce ba zai ɗauki wata damina ba, kuma gyara banza ne muddin saiwar na nan. Ni ne babba yanzu, don haka Hadiza ta aika a kira ni.

"Ɗan rediyo," in ji ta, "kana karanta labarin duniya, ga bango shina buɗe baki a gidanku."

Na ce a bari in yi shawara.

"Da wa? Da shamuwar? Ka dai sani in ta sauka, babu mai sa gatari."

Gaskiya ta faɗa. A wurinmu ba a sare itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kai, ko an biya mai sara ba zai taɓa ba. Kuma ba ta tashi sai damina ta ƙare. Ko dai a sare kafin ta iso, ko yaran su kwana ƙarƙashin wannan bango har kaka. Ita Hadiza ce ke share kashin tsuntsayen nan kowace shekara tun tana amarya, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Da ta gama magana sai ta juya fuska.

Na auna abin yadda nake auna labari kafin in karanta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma Habibu uba ne kafin ya zama mai kallon tsuntsaye. Ban san ko da zai yarda ba. Na san dai ba zai bar 'ya'yansa a ɗakin ba. Na ce a kira mai sara.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Madubin yana wurin babbar 'yarsa, Nafisa, wadda ta fi ni sanin sunayen tsuntsaye. Akwai kuma manoman ƙauyen Tozai da har yanzu suke tambaya a rumfarsa ko ta iso.

An sare tsamiyar ranar Alhamis, an gyara bangon. A makon da ya biyo shamuwa ta iso, ta yi ta kewaya gidan har Magariba. Nafisa ce ta buga mini waya. Bana a kan ƙarfen sabis na bayan tasha ta yi sheƙa.