Tsohon da ya Kashe mani Wutar Banda

Jiya jirgin sama ya bi ta kan Wara, an ce manyan sabuwar jiharmu ne a ciki. Ina jin rugugin na tuna surukina, raina ya ɓaci.

Tsohon soja ne. Lokacin yaƙin basasa yana cikin masu bindigar harbo jirgi a bakin Kainji. Kullum sai ya ce da su da masu igwar tsaron bakin teku aikinsu ɗaya, wani ya hango, wani ya harba. Yaƙi ya ƙare, amma a kansa bai ƙare ba.

Wani jajibirin kasuwa na cika banda da tarwaɗa, mai yana ɗiga a wuta, ƙamshi har maƙwabta. Da jin jirgi, tsohon ya ɗauko tulu ya sheƙa wa wutar ruwa.

Na ce, "Baba, kifina!"

"Ke yarinya, hayaki ke kiran bam!"

"Wa zai ɓata bam a kan tarwaɗata?"

Kifin ya ruɓe. Har ya rasu bai ce in yi haƙuri ba.

Allah ya jiƙansa, ya raba shi da tsoron nan a makwancinsa. Yafewa kuwa, Allah ya ba ni iko, don har yau ban yi ba.