Abin Wuyan Muzurun Goggo

Ni dai ban taɓa ganin hannun Goggo babu kwarashi ba, sai in tana salla ko tana cin abinci. Yayar babana ce. Daga Sudan suka zo aikin hajji ita da mijinta tun ba a haife ni ba, suka zauna a Jidda. Shi ya rasu, ita ta ci gaba da zama a ɗakinta na ƙasa cikin wani lungu a unguwar Bani Malik, jikin shagon wani Bayamane. Duk jaririn da aka haifa a lungun nan, na Bahaushe ne ko na ɗan Habasha, da safar Goggo ya fara shure-shure. Huluna, marfin kofi, 'yan furannin da ake liƙawa a gaban rigar yara, babu abin da ba ta fitarwa da wannan ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Tana saƙa tana kallon fuskarki tana yi miki faɗa, hannun na ta aikinsa shi kaɗai.

Tana da muzuru. Allah ya gani, ba shi da kyau. Ruwan toka ne, kunne ɗaya a yage, ga ƙaton kai, ga murya kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Ni da shi ba ma shiri, don ya taɓa kwance mini a kan abayata da na goge zan tafi biki. Amma Goggo tare suke karyawa. Ita ta tsince shi yana ɗan jariri a bayan kwandon shara, ta shayar da shi madara da ɗan yatsa, suka tsufa tare a ɗakin nan.

A kansa ta fara saƙa abin wuya. Yaran lungu sun matsa masa da jifa, ta yi faɗa har ta gaji, rannan sai ta ɗauko ragowar jan zare ta saƙa ɗan siririn abu, ta maƙala 'yar ƙararrawa, ta ɗaura masa. Shi ke nan, aka daina. Yaro in ya ga abu a wuyan mage ya san akwai wata tsohuwa a bayan abin, kuma ta san ƙofar gidansu.

Maigidana direba ne a wani gida a Abhur, can bakin teku. Shi ya ga abin ya ce uwar ɗakinsa tana da maguna farare masu gashi buzu-buzu, bari ya kai mata ɗaya ta gani. Kafin ka ce me, layin nan kaf ya ɗauka. Masu aikin gidajen su riƙa ba shi saƙo: wannan tana son shuɗi, waccan tana son mai ɗan malam-buɗe-littafi a gefe. Na yi wa Goggo tsiya na ce, "To Goggo, an bar 'ya'yan mutane an koma yi wa maguna kwalliya?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Su ba sa cewa launin bai yi musu ba, ba kamar wasu ba."

Aikin kuwa ba na wasa ba ne, na zauna na gani da idona. Ba ta taɓa ulu, ta ce a zafin Jidda da danshinta zalunci ne a naɗa wa mai gashi ulu a wuya. Zaren auduga take sa a sayo mata, ta wanke shi tukuna don kada ya zuba. In ta gama sai ta zura yatsu biyu a ƙarƙashi, in ba su shiga ba ta warware ta sake. Mahaɗar kuma da silin zare ɗaya take kamawa, don in mage ta maƙale a reshe ko a ƙarfen taga abin ya tsinke ta tsira. A kan mahaɗar take ɗora ɗan fure ƙarami ya rufe ta. Masu aikin gidajen layin nan na Abhur duk sun san furen Goggo.

Sai ta faɗi a banɗaki. Ba ta karye ba, amma ta daɗe a ƙasa kafin Bayamanen nan ya ji kiranta. Ɗanta, wanda ke zaune a garin Kurayyat mai nisa da iyalinsa, ya ce halas, zaman kaɗaici ya ƙare, ƙarshen wata za ta koma wurinsa. Babu wanda ya ga laifinsa, har ni. Matsalar ɗaya ce. 'Yarsa ƙarama tana da ciwon asma mai tsanani, likita ya ce kada gashin mage ya kusance ta. Goggo da bakinta ta ce ba za ta shiga da muzuru gidan da jikarta ke neman numfashi ba. Ta faɗa, ta ci gaba da saƙa, amma na ga ta tsallake ido a layin, abin da ban taɓa gani ba.

Muka shiga neman wanda zai karɓe shi. Mu gidan da muke haya an hana dabba, mai gidan ba ya wasa da wannan. Maƙwabta kowa ya ce Allah sarki, kowa ya kawo uzuri. Wa zai ɗauki tsohon muzuru mai yagaggen kunne, ga 'yan kyanwoyi kyawawa a kowane lungu? A bar shi a titi kuma, wanda bai taɓa neman abinci da kansa ba, daidai yake da a kashe shi. Kwanaki na tafiya, ana ta ɗaure kayan Goggo a kwali, shi yana bin kwalayen yana shinshinawa.

Maigidana ne ya zo da dabara. Ya ce a ƙarshen layinsu akwai wata tsohuwar Balarabiya mai babban lambu, tana ciyar da magunan titi, wanda ya zauna ya zama nata, har likita take kai su. Amma tana da doka: ba ta karɓar mage daga hannun mutum. Ta ce in ta fara, Jidda kaf za a sauke mata, kuma masu su sukan dawo daga baya su ce a ba su abinsu. Wanda ba shi da kowa kaɗai take ɗauka. Don haka, in ji shi, sai a kai muzurun a ajiye a bakin ƙofar lambun lokacin da ake zuba musu abinci, ya shiga cikin 'yan'uwansa kamar shi ya kawo kansa.

Goggo ta ce to. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ba zai shiga gidan mutane wuya tsirara ba."

Ta aje duk saƙon mutane ta zauna a kan nasa. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ya fito daga hannunta ba. Kore ne mai duhu, ta bi gefensa da farin zare siriri kamar haƙoran jariri, ta jera 'yan duwatsu masu ruwan zuma, ta ɗora furenta a mahaɗa. Ta warware ta sake, ta warware ta sake, har na ce, "Haba Goggo, sarauta za a ba shi?" Ta ce in rufe mata baki in miƙo almakashi. Da ta ɗaura masa, mummunan nan sai ga shi ya zama wani dattijo. Matan lungu suka taru suna kallo suna sa albarka. Mu duka, da ni da maigidana da ɗanta da ya zo haɗa mata kaya, muka tsaya muna yabo kamar sakarkaru. Ko mutum ɗaya bai yi tunanin komai ba.

Aka kai shi. Maigidana ya dawo ya ce ya ga shigarsa lambun da idonsa. Goggo ta ce alhamdu lillahi, ta wanke kwanonsa ta kife.

Ba a daɗe ba, ina wurinta da hantsi muna naɗe labule, sai ga wata doguwar mota ta toshe bakin lungu. Direba ya fito da kwando mai marfi yana tambayar ina tsohuwa mai saƙa. Ya buɗe kwandon, muzuru ya yi tsalle ya faɗa cinyar Goggo. An yi masa wanka, an taje shi, har ƙamshi yake. Direban ya ce uwar ɗakinsa na gaisuwa. Ta ce tana ganin abin wuyan nan ta san muzurun ɓata ya yi, kuma duk wadda ta zauna ta yi wannan aiki tana can wani wuri ba ta iya barci. Ta sa aka bi gida-gida ana nuna wa masu aiki furen, har aka samu wadda ta ce ta san mai shi.

Ni kam dariya ta kama ni, ta haushi. Na ce, "Tabɗi! Mun iya wayo!" Goggo ta rungume shi tana dariya hawaye na zuba, tana cewa, "Ka dawo, ɗan banza? Ka dawo?" Ta yi wa direban godiya har da shi masa albarka, ba ta faɗa masa gaskiyar lamarin ba. Yana tafiya na hau faɗa. Na ce ga mutum har ƙofa, me ya hana ta faɗa masa gaskiya? Mota za ta zo ɗaukar kaya, ina za mu kai shi? Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, matar da ta yi mini wannan ba a aika mata da direba. Kira mijinki. Da ƙafata zan je."

Washegari da la'asar muka tafi, ita a baya da kwando a cinya, ta sa farin mayafinta na Sudan wanda ba ta fitowa da shi sai da dalili. Muka yi ta tafiya har muka fara jin warin teku.

Balarabiyar ta fito da kanta, gajeriya ce, tana dogara sanda, maguna na bin ƙafarta. Suka gaisa kamar sun san juna. Goggo ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Ya Hajja, ba ɓata ya yi ba. Ni na sa a ajiye miki shi a ƙofa, na yi miki dabara, ki yafe mini." Ta faɗa mata zancen faɗuwar, da ɗanta, da jikarta. Ni ina gefe kunya ta ishe ni, amma ita muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ban taɓa ganin girman Goggo kamar ranar ba.

Matar ta saurara har ƙarshe. Ta dubi muzurun, ta dubi abin wuyan, ta taɓa furen da ɗan yatsa ta ce ma sha Allah. Sannan ta girgiza kai. Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ba rowa nake miki ba. Na sha gani. Mai mage ta kawo, bayan wata biyu kewa ta dame ta, ta dawo tana leƙe a ƙofa. Shi kuma ya daina cin abinci yana jiranta. Wahala ce a gare shi. Ni wanda ba shi da kowa nake ɗauka. Wannan yana da mai shi, ga shaida a wuyansa."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, Goggo ta ɗaga mini hannu. Ta durƙusa da ƙyar a kan gwiwar nan tata mai ciwo. Ta shafa kansa, ta zura yatsa a ƙarƙashin furen ta ja. Silin zaren ya tsinke. Ta dunƙule abin a hannunta, ta dafa ni ta miƙe.

Ta ce, "Yanzu ba shi da kowa. Ba zan zo ba, ba zan aiko a tambaya ba."

Balarabiyar ta dube ta. Sai ta juya ta kira mai aikinta ta ce a kawo kwano.

Muka nufi mota. Muzurun ya bar kwanon ya biyo mu, yana wannan kukan nasa, yana goga jiki a ƙafar Goggo. Goggon da ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, sai ta tafa hannu da ƙarfi, ta buga ƙafa a ƙasa kamar yadda ake korar magen titi daga bakin kicin. "Tafi! Yalla, tafi can!" Ya ja da baya, ya tsaya yana kallonta. Ta sake bugawa. Ya juya a hankali ya koma cikin lambun, mai aikin ta rufe ƙofa.

Goggo ta shiga mota ta ce wa maigidana, "Ɗan nan, ja mu tafi." Ba ta waiwaya ba. Ni ce na yi ta kuka kamar wata yarinya, ni da ko son shi ba na yi. Sai da muka hau babban titi ta ce in ba ta ruwa. Na miƙa mata gorar, ta kasa riƙewa. Na riƙe mata ta sha.