Murar Ɗan Fari

Ɗana na fari yana da wata huɗu mura ta kama shi, a tsakiyar damina, lokacin da masarar garinmu Likoro ta fara goyo. A gidan mijina ba a nuna wa ɗan fari so. Surukata, wadda muke kira Inna, Bafulatana ce daga Kurmin Kogi, kara kuwa a wurinta kusan farilla ce. Ba na kiran sunan yaron, ba na yi masa wasa a gaban mutane, ko nono zan ba shi sai na juya baya na haɗe rai kamar an sa ni dole. Na ƙware sosai, har matan gida suna yabona da kunya. A zuci kuwa, atishawa ɗaya zai yi hankalina ya tashi.

Kwana biyu yana fama da majina da tari da ɗan zazzaɓi. Rana ta uku hancin ya toshe gaba ɗaya. In na sa masa nono sai ya kama, ya ja sau biyu, numfashi ya gagara, ya saki ya tsala ihu. Tun asuba haka muke yi har hantsi ya dubi ludayi, babu abin kirki da ya shiga cikinsa.

Inna ta leƙo ɗakin tana tsokanarsa yadda kakanni suka saba. "Maigidan, yau kuma rakin na mene ne? Ke, ya sha kuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ya sha."

Har yau in na tuna ƙaryar nan haushin kaina nake ji. Yaro yana kukan yunwa, ni kuma ina tsoron a ce na damu da ɗan fari.

Allah ya sa Inna ta taɓa goshinsa ta ji zafi. Ta aika gona aka kira mahaifinsa, ya bar zuba taki ya zo da laka har gwiwa. Ya kai mu asibitin Kudan a babur, Inna na goye da jikanta, ni a can baya kamar 'yar rakiya.

Malamar asibitin mace ce gajera mai saurin magana. Ta gaida Inna da ladabi, ta kwantar da yaron ta buɗe masa riga tana duban ƙirjinsa. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina kallon silin.

Ta dubi Inna ta ce, "Mama, yana shan nono?"

"Lafiya lau yake sha," in ji Inna. "Ɗazu ma ya sha."

Malamar ta ɗauki biro za ta rubuta. Ganin biron nan a kan takarda ne ya firgita ni. Ban san lokacin da na baro ƙofar ba.

"Malama, bai sha ba! Rabonsa da ƙoshi tun jiya da la'asar. Yau sau shida ina sa masa yana saki. Fitsari sau biyu kawai ya yi. Tarin ya fi yawa in an kwantar da shi, in na ɗora shi a kafaɗa sai ya lafa. Kuma hancin hagu ya fi toshewa."

Mahaifinsa ya sulale waje, wai zai gyara wa babur tsayuwa. Inna ta riƙe haɓa tana kallona.

"Ashe duk kina lissafe," ta ce. "Ni da nake tausayin maigidan, ina cewa bai yi dacen uwa ba."

Malamar ta yi dariya har da buga tebur, sannan ta ɗan yi mini faɗa, kuma na cancanta. Ta ce mura ce, ƙirjinsa lafiya, amma jariri da hanci yake numfashi in yana tsotso, shi ya sa ya kasa. Ta ɗiga masa ruwan gishirin asibiti a kowane hanci, ta zuƙe majinar da wata 'yar roba. Ya yi atishawa uku a jere, ya ɓata fuska irin ta kakansa in an taɓa masa rediyo. Ta ce in riƙa ba shi nono akai-akai, in kuma na ga numfashinsa ya yi sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, mu dawo ba jira.

"To, gwada shi yanzu mu gani."

Na zauna a benci, Inna na gefena. Na sa masa. Ya kama, ya ja, ya ƙara ja, bai saki ba. Ina jin ƙarar haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ɗan hannunsa yana damƙe da bakin rigata. Wani daɗi ya rufe ni wanda ban taɓa jin irinsa ba, hawaye suka zubo, na rasa inda zan sa fuskata.

Inna ta miƙe tsaye. Na ɗauka fita za ta yi don na ba ta kunya. Sai ta ware mayafinta ta tsaya tsakanina da matan da ke layi, ta ba ni baya.

"Yi masa wasanki, yarinya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni hanya nake kallo."

Na duƙa na sumbaci goshinsa, na raɗa masa sunansa a kunne. Shi ko a jikinsa, shan nononsa kawai yake yi.