Baba Moro a Bikin 'Yancin Kai

Baba Moro yana da shekara goma sha takwas ya fara dako a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, yana ɗaukar buhunan koko a ka. Da leburori suka shiga yajin aiki don Turawa su tattara nasu ya nasu, shi ma ya ajiye gammonsa. Ya sha kulki, ya yi mako uku a kurkuku, aka kore shi daga aiki. Da Ghana ta sami 'yanci ya koma dakonsa, ya tarar buhu bai rage nauyi ba.

Tsufa ya kawo shi unguwar Parkchester a Amurka wurin 'yarsa Halimatu, ba ya komai sai kallon jirgin ƙasa ta taga.

Shekarar da Ghana ta cika sittin da 'yanci, wata ƙungiyar 'yan zangon Ghana ta shirya biki a nan yankinsu na Bronx. Shugabanta, Alhaji Tamimu mai shagon atamfa a Fordham Road, ya aika a zo da tsohon don taro ya yi armashi. Aka ajiye shi a keken guragu a bayan zaure kusa da kulolin abinci. Mutum bakwai suka yi jawabi, kowanne kakansa ne ya kori Bature. Sannan aka yaye ƙyalle daga kan wani ƙaton hoto: marigayi Malam Saeed, mahaifin shugaba, gwarzon yajin aiki.

Aka turo Baba Moro gaba, aka ba shi minti biyu. Ya ƙura wa hoton ido.

"Na san shi," in ji shi. "Akawun kamfani ne, rubutunsa gwanin kyau. Shi ya rubuta sunayenmu ya kai wa Bature, ko mutum ɗaya bai manta ba."

Alhaji Tamimu ya karɓe abin magana, ya ce jama'a sun ji da kunnensu, mahaifinsa ne ya adana sunayen gwaraza saboda tarihi. Aka ɓarke da tafi, har da masu share hawaye.

A mota Halimatu ta ce, "Baba, da ka yi shiru. A shagonsa nake aiki fa."

"To ai cewa aka yi in faɗi abin da na sani."

Ba a kori Halimatu ba, shi kuma ba a sake gayyatarsa ba. Da bidiyon bikin ya fito, jikokinsa suka kunna masa a waya. Ya ga kansa ya ce "gwanin kyau", sai tafi ya biyo.