Harshen Kakata

Ƙanshin jiƙaƙƙen sha'ir ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Wani da na sayar wa mota ne ya ja ni sabon gidan abinci a arewacin Jidda, inda suke dafa abin shansu da kansu a manyan tukwanen ƙarfe, a bayan gilashi. Bira suke ce mata, amma ba ta bugarwa. Aka kawo gasasshen nama, aka dire mini kofi mai kumfa. Ni da ba na sunkuyar da kai a gaban kowane mai ciniki, ranar sai na kasa ɗagowa.

Ban sani ba ko ka taɓa shan subiya. Kakata ce gwanarta a Karantina, tsohuwar unguwarmu a nan Jidda. Sha'ir da busasshiyar gurasa take jiƙawa a randa, ta sa kirfa da zabibi, ta tace da farin ƙyalle. Idan azumi ya faɗo cikin zafin nan mai manne riga a baya, tun la'asar ake layi a ƙofarmu. Sai dai subiya tana da hali: in ta daɗe a ajiye, juyawa take ta zama giya. Don haka kakata kan ɗanɗana, da ta ji ta fara cizon harshe sai ta kwarar a kwata, maƙwabta na kallo. Wannan kwararwar ita ce jarinta. Ko limami in ya aiko, ba ya tambaya.

Bayan kafilin babana, wato ubangidansa a wurin aiki, ya sallame shi, sai ya fara ɗibar wadda za a zubar yana ɓoyewa a jarka bayan tankin ruwa, yana sha a asirce. Ranar da dattawa suka zo neman auren yayata, abin sha ya gaza. Mahaifiyata ta ga jarkar, ta zaci ta baƙi ce aka ware, ta zuba musu.

Kawun angon ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya goge baki.

"Hajiya," ya ce yana fuskantar labule, "wannan fa ta kwana."

Babana ya ƙura wa tabarma ido. Kakata ta fito, ta ɗauki kofin ta shinshina. Sau ɗaya ta dubi ɗanta.

"Tsufa ne, Alhaji. Harshena ya mutu ban sani ba. Ku yafe ni. Shi ke nan, daga yau na bar sana'ar."

An yi auren. Ita kuwa ta cika maganarta, ta kyautar da randar, ba ta sake jiƙa sha'ir ba. Mata suka riƙa raɗa cewa Allah kaɗai ya san abin da tsohuwar ta daɗe tana shayar da masu azumi. Babana bai taɓa buɗe baki ba, har ya rasu. Wannan shirun nasa ne har yau nake jin nauyinsa a wuyana.

Yanzu Karantina fili ce, an rushe ta, mun koma unguwar Waziriyya. Abin da kakata ke tacewa a lungu, ga shi ana dafa ɗan'uwansa a bayan gilashi, samari na ɗaukar hoto.

"Yalla ya Alhaji, sha mana," in ji mutumin da ya kawo ni. "Wallahi babu komai a ciki."

Na kurɓa, na riƙe a baki kamar yadda take yi. Babu cizo.

"Na sani," na ce masa. "An koya mini ganewa."

Ban gaya masa cewa wadda ta koya mini ta mutu unguwa na cewa ba ta iya ganewa ba.